Mai Sa wa Masara Hula

Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma. Baffana, yayan mahaifina, ya rasu bayan kaka, an gama shigar da amfani rumbu, a ƙauyenmu da ke bakin fadama a ƙasar Sandamu. Labarin ya same ni a gidan aurena, can wajen garin Babban Mutum, ina tsakiyar sussuka. Na wanke hannu na nemi mota. Ban yi kuka a hanya ba, kuma ba zan yi ƙarya in ce na yi ba.

Ko da na isa an riga an kai shi. Maza cike da ƙofar gida a kan tabarmi, mata cike da tsakar gida. Aka ce mini da liman ya nemi jama'a su yafe masa, kafin ya rufe baki kowa ya amsa an yafe. Ni abin dariya ma ya ba ni. Mutanen da suka shekara da shekaru suna kiransa mahaukaci, su ne yau ke cewa babban bango ya faɗi. Wata tsohuwa da na ji da kunnena tana tsine masa a bakin rijiya, ga ta nan tana matsar ido, wai mutum ne mai haƙuri. Haƙuri, Baffa? A wajen masara dai na yarda. A wajen ɗan Adam ko na cikin cokali ba shi da shi.

Mutum guda ne ya faɗi gaskiyar abin da ke cikin kowa. Wani maƙwabci ne, yana zaune kusa da zaure, na ji shi yana tambayar na kusa da shi ƙasa-ƙasa, yanzu wa zai riƙa ba su iri? Wannan shi ne kukan da ƙauyen ke yi. Ba Baffa suke wa kuka ba, 'yar aure suke wa, wato masarar da ya haɗa da hannunsa, wadda ke nuna da wuri kafin ruwa ya ɗauke, kuma gona guda ta tashi kai ɗaya, goyo ɗaya, babu doguwa babu gajera. A ƙasa irin tamu ta gero, inda da can masara sai 'yar bayan ɗaki, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

'Yar aure kuwa ba ta haifar kanta. Iri biyu ake haɗawa kowace shekara, uwa da uba, kuma kowannensu sai an tsare shi tsaf kada ya gauraya da wata masara. In ɗaya ya ɓata, shi ke nan, an rufe. Ranar da Baffa ya rasu, uwar tana cikin wata randa a ɗakinsa, an binne ta da toka an liƙe bakin da laka. Uban yana hannuna, rashin lafiya ya hana Baffa zuwa ɗauka. Duk duniya babu wani wurin da ake da su.

Shi ya sa tun ranar farko na nemi babban ɗansa, wanda nake kira Yaya, direba ne a Daura. Na ce masa don Allah randar nan ta ɗakin Baffa kada kowa ya taɓa ta. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce yau aka binne mutum har na fara lissafin kayan ɗakinsa? Ya tuna mini ba na cikin magada. Na haɗiye, na koma gida da yamma saboda yarinyata ba lafiya, da niyyar in dawo ranar uku.

Na ɗauki alƙalami ne don kada a manta da mutumin nan, amma ba irin tunawar da ake yi a kan tabarmar makoki ba. Wancan mai haƙurin, mai fara'ar, ban san shi ba. Wanda na sani dogo ne, busasshe, kullum fuska a ɗaure, in ka gaishe shi sai ya fara duba ƙafarka ya ga ko daga gonarsa ka fito. A ƙuruciyarsa ya yi aiki a wata gonar gwajin iri can kudu, ya dawo da 'yan ƙullin masara da taurin kan da ya fi wanda ya tafi da shi. Ba ya zaman majalisa. Ba ya zuwa suna in masara ta fara fure. An taɓa aiko masa cewa surukinsa ya rasu, ya ce a yi haƙuri, mamaci ya riga ya mutu, fure kuwa yau ne kawai yake da rai. Sai bayan la'asar ya je.

Takardar buhun siminti yake bi yana tsinta a wajen magina. Ya yanka ta, ya ɗinka 'yan jakunkuna, ya bi masara ɗaya bayan ɗaya yana rufe furen da ke ƙololuwa, yana rufe goyon tun gemu bai fito ba. Da hantsi sai ya karkaɗe bununin da ya taru a jakar sama, ƙurar nan rawaya, ya zuba a gemun wannan karan dai, ya sake rufewa. Wai yana aurar da ita da kanta ne har ta tsarkaka, ta daina fitar da halin da ba nata ba. Daga nan yara suka sa masa Mai Sa wa Masara Hula, manya suka karɓa. Abin da ya ƙara tabbatar wa mutane hauka ne, kowace shekara masarar tasa ƙara lalacewa take yi. Kara ya gajarce, goyo ya koma kamar babban yatsa, ƙwaya ta motse. Shi kuwa murna yake yi, irin murnarsa da ba ta kai haƙori.

Lokacin da aka fara shari'ar Musulunci a jiharmu, wa'azi ya yi yawa, wani matashin malami ya ɗauke shi a gaba. Ya ce shisshigi ne cikin aikin Ubangiji, wa ya aike shi haɗa aure tsakanin tsirrai? Baffa ya tare shi bayan sallar Juma'a a gaban mutane, ya tambaye shi ko ya taɓa cin dabino. Ya ce in ya taɓa, ya haura Nijar ya ga yadda ake hawa bishiya ana ɗaura mata furen namiji da hannu, sannan ya dawo su yi magana. Ko da gaskiya ke gare shi, yadda ya faɗe ta sai da ya ƙara maƙiya goma.

A shekarun nan ne ya yi mana abin da har yau ban manta ba. Gonar babana tana jikin tasa, gado ne aka raba musu. Babana yana da tasa masarar, 'yar gajera mai saurin nuna, wadda kakarmu ta zo da ita daga danginta na tsallaken iyaka. Ita muke gasawa mu sayar, ita ke raba mu da yunwar tsakiyar damina. Wata shekara Baffa ya gama tsarkake uwar irinsa, yana so ya yawaita ta a fili ba hula. Ya zo ya ce wa babana ya jinkirta shuka, don kada furensu ya zo tare iska ta kwaso masa. Babana ya ce ruwa ba ya jiran kowa, kuma yana da bakuna a gida. Ya shuka.

Da masararmu ta fitar da fure, wata safiya babana ya je gona ya tarar an bi ta kaf an fizge kawunan, an tara su a bakin kunya. Baffa yana tsaye a wurin, hannunsa kore shar, ko gudu bai yi ba. A shekarar masararmu ta yi goyo, amma in ka ɓare sai ka ga totuwa da 'yan ƙwayoyi nan da can. Na ga mahaifiyata tana ɓarewa tana jefarwa, tana ɓarewa tana jefarwa, har ta zauna a ƙasa. Akuyarmu biyu aka sayar kafin gero ya iso.

Babana mutum ne mai sanyi, amma ya kai ƙara gaban alƙali. Baffa bai musa ba. Aka yanke masa ya biya da hatsi, ya biya, ya auna ya aiko wani da jaki, ko tsaba ɗaya bai rage ba. Waɗanda suka je kotun sun ce alƙali ya yi masa nasiha, ya ce ƙanenka ne, ka nemi afuwarsa. Baffa ya gyara hula.

"Allah ya gafarta malam, na biya," in ji shi. "In ya sake shukawa kusa da ni, zan sake cirewa in sake biya."

Daga ranar ba su ƙara cin abinci a kwano ɗaya ba. Babana ya daina masara a gonar nan, ya koma gero. Sai dai duk shekara yakan shuka 'yar kaɗan a bayan ɗaki don irin kakarmu kada ya ɓata, ya rataye dami a saman murhu inda hayaƙi ke korar ƙwari. A haka ya rasu, ba su shirya ba.

Ranar rasuwar babana Baffa ya zo, ya yi salla, ya zauna ana yi masa gaisuwa a matsayin babba. Da yamma ya shigo cikin gida. Muka ɗauka zai yi wa mahaifiyata magana mai sanyi. Ya tsaya a bakin madafa, ya ɗaga kai, ya nuna damin masarar nan da ya yi baƙi da hayaƙi, ya ce a ba shi. Ni na ce masa, Baffa, bai isa ba wanda ka cire a gona? Ko kallona bai yi ba. Ya miƙa hannu ya sauke, ya saɓa ya fita. Na tsane shi a ranar tsana mai tsanani, kuma ban ɓoye wa kowa ba.

Shekaru suka wuce, na yi aure, na tafi. Sai muka fara jin labarin 'yar aure. Baffa ya samu uba da ya dace da uwar irinsa, yana shuka su layi-layi, ya fizge furen uwar duka don uban kaɗai ya ba ta bununi. Abin da ta haifa shi yake ba manoma. Iyayen munana, 'yar kuwa sai ka rantse ba su suka haife ta ba. Waɗanda suka yi masa dariya suka fara layi a zaurensa. Yana ba su, yana ja musu kunne da magana ɗaya, ku ci, ku sayar, amma kada ku ajiye iri daga cikinta, jikar ba ta gado.

Wa zai ji? Mu tun kakanni manomi daga gonarsa yake zaɓar iri. Suka ajiye, suka shuka, gona ta tashi a hargitse, wannan dogo wannan gajere, wannan ya nuna wannan ko fure bai yi ba. Sai magana ta tashi cewa ya ɗaure irin da asiri don a riƙa komawa wurinsa. Da ya zauna ya yi musu bayani da lallashi, da wataƙila sun fahimta. Ina! Cewa ya yi ai ya faɗa musu, kunnen ne babu. Wanda kuma ya roƙi ko tafin hannu na iyayen, sai ya hana ƙememe. A garin da ba a hana maƙwabci iri ko da kuna gaba, wannan abin kunya ne babba. Tsohuwar nan ta bakin rijiya abin da ya haɗa su ke nan.

Wata bazara ina tsakar gida sai ga shi a kan tsohon babur ɗinsa, ya yi buɗu-buɗu. Ba gaisuwa ta kawo shi ba. Ya zagaya bayan gidanmu, ya hau tudu ya duba gabas da yamma, ya tabbatar babu mai noman masara a kewayen, gero ne ko'ina. Sannan ya miƙa wa mijina ƙulli, ya ce wannan uban ne, a can fadama masara ta yi yawa ba ya iya tsare shi, a shuka masa a nan, ni in kula. Na ce ba zan taɓa ba. Mijina ya ce baffanki ne, ba a mayar da hannunsa. Haka na zama mai gadin masarar mutumin da na fi ƙi. Ya koya mini ɗinka hula da karkaɗe bununi yana faɗa, ko sau ɗaya bai ce sannu ba. Da kaka ya zo ya kwashe, ya ƙirga da ido, ya tafi.

Alheri guda zan shaida masa, don ranar gobe. Shekarar da ruwa ya ɗauke mana gero ya ƙone a tsaye, wata rana mai amalanke ya sauke buhunan masara a ƙofarmu. Ba saƙo, ba gaisuwa. Da na je yi masa godiya sai ya ce ba don ni ba ne, in muka yi ƙaura saboda yunwa wa zai tsare masa iri? Na dawo ina cizon yatsa da na je. Amma 'ya'yana sun ci, sun ƙoshi har wata damina.

Ranar sadakar uku na dawo da hantsi. Tun daga zaure na ji ƙamshin tuwon masara da miyar kuka, ana ta fita da kwanuka wajen maza. Na wuce ɗakin Baffa kai tsaye. Ƙofa a buɗe. Randa a karkace, an fasa lakar, toka a zube a ƙasa. Na durƙusa na tona tokar da yatsuna. Kaji sun riga ni.

Na fito na sami Yaya. Bai ma ga laifinsa ba. Ya ce baƙi sun yi yawa, abinci ya ƙare. Malamin da zai raba gado ya hana a taɓa buhunan rumbu, domin akwai haƙƙin magada a ciki, har da marayun ƙanen Yaya da ya riga Baffa rasuwa in an yi musu wasiyya, kuma dukiyar gado ba a yin sadaka da ita kafin rabo. To su masu tsoron Allah ne, ba su taɓa ko tiya ba. Sai matar Yaya ta tuna da randar. Da suka fasa suka ga wata motsattsiyar masara da ko kaza sai ta yi tunani, suka ce wannan ai ba dukiya ba ce, ba mai neman rabonsa a ciki. Suka tankaɗe tokar, suka wanke, suka kai inji.

Na ce masa, "Yaya, uwar irin ce kuka niƙa. Abin da ya raba ubanka da ubana ke nan. Ga shi can ana sa masa miya."

Ya ce ai akwai buhunan 'yar aure, a ajiye iri daga ciki mana. Ɗan cikinsa ke nan. Ko shi bai taɓa sauraren tsohon ba.

Na shiga wurin Inna, matar Baffa, tana ɗaki tana takaba. Ba wanda ya tambaye ta, sai da ta ji ƙarar fasa laka, kafin ta aika an wuce da shi. Idonta ya bushe. An ajiye mata malmala biyu a gabanta ba ta taɓa ba. Ta ce in zauna. Ta tambaye ni ko na san asalin wanda ke hannuna. Na ce ina zan sani, mutumin da ba ya magana sai faɗa?

"Damin nan ne na saman murhunku," ta ce. "Shi ya yi ta sa wa hula har ya tsarkaka. Duk abin da ya gwada bai karɓi uwar ba sai na babanki. Saurin nunar daga can ne. Shi ba ya ce masa uba in muna mu biyu. Na ƙanena yake cewa."

Kada wani ya ɗauka zuciyata ta yi sanyi. Tafasa ta yi. Wato ya hana masarar babana haihuwa a gonar babana, ya bar shi ya mutu da baƙin ciki, sannan ya ɗauke ta ya yi suna da ita a ƙasa guda, bai taɓa buɗe baki ya ce ta wane ce ba. Ya kawo mini ita har gida, ya bar ni ina yi mata hidima ina tsaki, alhali da ya faɗi kalma ɗaya da na yi da hannu biyu. Girman kai ya hana shi. Kuma da ya koya wa ko mutum ɗaya a gidansa abin da ke cikin randar nan, da ba a kai ta inji ba. Ya tsare irinsa daga kowa har ya tsare shi daga masu gadonsa.

Inna ta turo mini kwano. Ta ce in ci, wahalarsa ce ta shekaru, kada waɗancan na waje su cinye su kaɗai. Na wanke hannu na ci. Tuwo ne kamar kowane tuwo, har da ɗan ɗanɗanon toka. A nan ne kuka ya zo mini, muna ci ni da ita, ana jiyo maza a waje suna addu'a suna cewa Allah ya kai ladan kabarinsa.

Da aka zo rabon gado Yaya ya aiko mini, wai an ce akwai masarar Baffa a wurina, in kawo a sa cikin lissafi. Na ce a gaya masa babu masarar Baffa a gidana. Wadda ke nan daga saman murhunmu aka sauke ta ba da izinin kowa ba, ta dawo gida. In yana ja, alƙali yana nan, mun san hanya. Bai sake aikowa ba.

Damina ɗaya suka ƙara yi da 'yar aure, daga buhunan da ya bari. Ta bayanta gonakin fadama suka tashi a hargitse, kamar yadda ya sha faɗa musu. Wasu sun zo har nan suna roƙona iri. Na nuna musu abin da nake da shi, kara iya ƙugu, goyo kamar yatsa, na ce shi kaɗai ba ya haifar komai, abokiyar haɗinsa kun cinye ta ranar uku. Suka tafi suna cewa halin gidan ne, na gado shi.

Allah ya jiƙan Baffa, ya yi masa rahama, ya sa can ta fi masa nan. Wannan addu'a ce, ina yi masa ita bayan kowace salla. Yafiya kuwa ba ni aka yi wa laifin ba, mai ita yana kwance ba nisa da shi, su ƙarata can. Ni dai ruwa ya sauka jiya, ƙasa ta jiƙu. Na aiki yara wajen magina su tsinto mini takardar siminti, na sauko da na babana daga saman murhu zan je in shuka.